Sifilin da Ke Ɓacewa Tsakanin Excel da Manhajar Ƙididdiga

Lambar wayar salula a Najeriya, yadda ake rubuta ta a cikin gida, lambobi goma sha ɗaya ce, kuma da sifili take farawa. In aka rubuta ta a gurbin Excel da ba a yi wa wani tanadi ba, nan take sifilin ke ɓacewa, a bar mutum da goma. A ƙa'idarta Excel ba ta yi laifi ba: ta ga jerin lambobi, ta ɗauka adadi ne, adadi kuwa ba ya bukatar sifili a gaba. Haka take yi wa lambar asusun banki mai lambobi goma in ta fara da sifili. Lambar katin banki mai lambobi goma sha shida ta fi shan wuya, domin goma sha biyar kawai Excel ke iya riƙewa daidai, ta ƙarshen sai ta mayar da ita sifili, kuma da an adana fayil ɗin babu hanyar dawo da ita. Duk waɗannan ba adadi ba ne, sunaye ne da aka rubuta da lambobi, babu mai tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa ya raba biyu. A nan asalin matsalar take. Nau'in bayanin da ke cikin ginshiƙi, ko adadi ne, ko suna, ko kwanan wata, ko rukuni, hukunci ne a kan ma'ana, ma'anar kuwa ba ta cikin gurbin, tana wajen wanda ya tsara tambayar. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk wanda ya bar manhaja ta canki nau'in bayanansa lokacin shigar da su SPSS ko Stata ko R, ya miƙa hukuncin farko na bincikensa ga abin da ba ya ganin komai sai siffa.

Jadawali da manhajar ƙididdiga ba kallo ɗaya suke yi wa bayanai ba. A wajen Excel kowane gurbi gashin kansa yake ci: na sama ya ɗauki adadi, na ƙasa da shi rubutu, na uku kwanan wata, na huɗu a shafa masa launin rawaya don tuni, babu mai cewa uffan. Wannan sassaucin ne ya sa ta shiga kowane ofis. Manhajar ƙididdiga kuwa ginshiƙi take gani dungurungum, kuma dole dukkansa ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa. Kamar buhu ne da aka zuba gero da dawa da ɗan tsakuwa aka ajiye a ɗaka, babu wanda ya damu sai ranar da aka kai shi injin niƙa. Lokacin shigarwa shi ne ranar niƙan, kuma tunda fayil ɗin bai faɗi nau'in ginshiƙansa ba, sai manhaja ta leƙa wasu layuka ta yanke hukunci. Yawan layukan da take leƙawa bai kai yadda mutane ke zato ba. Umarnin shigarwa na SAS layuka ashirin na farko yake dubawa a fayil ɗin CSV in ba a ce masa ya ƙara ba. Tsohuwar hanyar Microsoft ta karanta jadawali, wadda manhajoji da yawa suka dogara da ita, takwas take dubawa. Kunshin readxl na R yana duba dubu na farko. In baƙon abu ya zo a layi na dubu ɗaya da biyar, ya zo bayan an gama shari'a.

A ɗauka rajistar asibitin karkara ce, ginshiƙin nauyin yara. Layin farko 8.5, na biyu 9, na uku 10kg domin ma'aikaciyar ta ƙara ma'aunin da hannunta, na huɗu 7,2 da waƙafi a maimakon ɗigo, na biyar "ba a auna ba", na shida kuma 11 ne amma da ɗan fili a bayansa wanda ido ba ya gani. Duk mai karatu ya fahimci ginshiƙin nan tsaf. Manhaja kuwa zaɓi biyu gare ta. Ko ta ce tunda akwai haruffa ginshiƙin duka rubutu ne, sai a nemi matsakaicin nauyi ta ƙi bayarwa. Ko ta ce adadi ne, sai ta mayar da duk abin da bai karantu ba gurbi marar komai, 10kg da 7,2 su bi "ba a auna ba" zuwa shara, ta fitar da matsakaici daga ragowar. Na farkon ne ke sa ɗalibai kuka a daren miƙa kundin digiri, amma a gaskiya shi ne rahama, don ya tsayar da aiki ya tilasta a duba. Na biyun ne abin tsoro, saboda ya ba da amsa mai kyan gani har da ɗigo biyu. Kuma bayanan da ke zubewa ta wannan hanya ba sa zubewa bisa sa'a. Ma'aikaci ɗaya ne ke da al'adar rubuta kg, ko asibiti ɗaya ne ke amfani da waƙafi, don haka wani yanki guda ne ke fita daga lissafi, ba tare da sunansa ya fito a rahoto ba.

Akwai kurakuran da suka fi wannan iya ɓuya, domin babu ko harafi ɗaya a ginshiƙin da zai tona su. Manyan safiyo irin na DHS, wanda a Najeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, suna amfani da lambobi kamar 98 a madadin "ban sani ba", 99 kuma a madadin amsar da babu. A fayilolin SPSS da Stata da suke rabawa akwai lakabin da ke bayyana haka, amma da zarar bayanan sun bi ta jadawali lakabin ya tsaya a hanya, lambar tsirara ce ke isowa. Mata huɗu masu shekara 22 da 25 da 30 da 35 matsakaicinsu 28 ne. A ƙara ta biyar wadda ba ta san shekarunta ba aka rubuta mata 98, matsakaicin ya tashi zuwa 42, kuma babu manhajar da za ta ɗaga gira. Stata ma tana da nata tarkon: gurbi marar komai tana lissafa shi a matsayin abin da ya fi kowane adadi girma, saboda haka in aka ce ta ware waɗanda suka haura shekara sittin, duk wanda ba a rubuta shekarunsa ba zai shiga sahun tsofaffi sai an hana da baki. R kuwa, kafin fitowar sigarta ta 4.0.0 a 2020, takan mayar da ginshiƙin rubutu rukuni-rukuni da kanta, ta ba kowane rukuni lambar sirri bisa jerin haruffa. Ginshiƙi mai 10 da 20 da 5 da ya shigo a matsayin rubutu, in aka umarce ta kai tsaye ta mayar da shi adadi, 1 da 2 da 3 za ta bayar, biyar ɗin da ta fi ƙanƙanta ta zama babba. An sauya wannan tsari, amma tsofaffin umarnin da ake gada daga hannu zuwa hannu a sassan jami'o'i ba su ji labari ba.

Tun 1946 masanin halayyar ɗan Adam S. S. Stevens ya raba ma'aunai gida huɗu: na suna kawai, na jerin daraja, na tazara, da na kaso mai sifili na haƙiƙa. An yi ta jayayya a kan rabon nasa, kuma SPSS ta dunƙule shi zuwa uku, amma abin da ya nuna bai tsufa ba, wato lamba ɗaya tana iya yin aiki daban-daban, kuma aikin ne ke faɗin lissafin da ya halatta. In 1 na nufin namiji 2 na nufin mace, manhaja za ta fitar da matsakaicin jinsi 1.6 ba tare da kunya ba. Wannan kowa zai gane shirme ne. Wanda ba a cika ganewa ba shi ne a sa lambar ƙaramar hukuma ko lambar asibiti cikin lissafin alaƙa a matsayin adadi, sai sakamako ya nuna wai duk ƙarin ɗaya a lambar ƙaramar hukuma yana rage zazzaɓi da kaza, alhali lambar nan jerin baƙaƙe ne kawai ya samar da ita. Babu wata dabarar canki da za ta raba 12 ta yawan 'ya'ya da 12 ta lambar mazaɓa, don a gurbi kamarsu ɗaya.

Kwanan wata shi ne inda aka fi yin asara, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da ido ke gani a gurbi ado ne kawai, a ƙarƙashi Excel adadin kwanaki take ajiyewa tun daga farkon 1900, shi ya sa 1 ga Janairun 2024 a wajenta 45292 ne. Har ma ta gaji wani kuskure daga tsohuwar manhajar Lotus 1-2-3, tana lissafa 29 ga Fabrairun 1900, ranar da ba a taɓa yi ba. Tsofaffin sigoginta na kwamfutar Mac daga 1904 suke fara ƙirga, bambancin kwana 1,462, wato shekara huɗu da kwana ɗaya. Stata da SAS daga 1 ga Janairun 1960 suke farawa, R daga 1970, SPSS kuwa daƙiƙoƙi take ƙirgawa tun daga Oktoban 1582. In 45292 ɗin nan ya isa Stata tsirara aka ce mata kwanan wata ne, farkon 2084 za ta nuna. Wannan ma da sauƙi, don kowa zai ga ba daidai ba ne. Mugun shi ne na rana da wata. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa, a Amurka wata, kuma kwamfutoci da yawa da tsarin Amurka suke zuwa, ba a sauya shi. Ma'aikaci ya rubuta 03/04/2023 yana nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar ta ajiye 4 ga Maris. Ya rubuta 25/04/2023, tunda babu wata na ashirin da biyar, sai ta bar shi a matsayin rubutu. Ginshiƙi ɗaya ya rabu biyu ke nan: ranakun da ba su wuce sha biyu ga wata ba an juya su a ɓoye, sauran kuma ba kwanan wata ba ne a idon manhaja. Alamar da ke tona asirin ƙarama ce, waɗanda aka juya suna jingine da gefen dama na gurbi, na rubutun suna gefen hagu. Wanda bai lura ba zai tarar a rahotonsa an yi wa jariri rigakafi wata guda kafin a haife shi, ko kuma ba zai tarar da komai ba, tazarar allurai ce kawai za ta karkace. Rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2023-04-03, bisa ƙa'idar ISO 8601, shi ke kashe wannan gardama.

Mai aiki da bayanai daga ɓangarori biyu na iyaka, misali farashin hatsi na Katsina da na Maraɗi, yana da ƙarin aiki. Kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take sa wa a inda ta Ingilishi ke sa ɗigo, don haka 12,5 sha biyu da rabi ne, fayil ɗinta na CSV kuma da waƙafi mai ruwa take raba ginshiƙai. A buɗe shi da ɗayan tsarin, ko dai komai ya cunkushe a ginshiƙi guda, ko 1,250 da ke nufin ɗaya da kwata ya koma dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Sai kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda in ba a adana fayil da tsarin UTF-8 ba suke komawa alamar tambaya ko wasu baƙin alamomi. Ko da sun tsira, Dambatta da Danbatta da Ɗambatta wuri ɗaya ne a wajen Bakano, wurare uku ne a wajen manhaja. Wani abin dariya ma, lambar ƙasar Namibiya a jerin ƙasashen duniya NA ce, wadda R da manhajar pandas ke karantawa a matsayin "babu bayani", sai ƙasa sukutum ta ɓace daga jadawali.

Kada a ɗauka wannan ciwon 'yan koyo ne. A 2016 Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostireliya sun binciki maƙalu 3,597 na ilimin ƙwayoyin gado da aka buga tare da jadawalin Excel, suka tarar 704 daga ciki, kusan ɗaya cikin biyar, sunayen ƙwayoyin gado sun lalace. SEPT2 ta koma 2 ga Satumba, MARCH1 ta koma 1 ga Maris. An yi gargaɗi a kan wannan tun 2004, kuma maƙalun nan sun bi ta hannun masu tantancewa a manyan mujallu. Da aka sake binciken a 2021 da faffaɗan ma'auni, kason ya haura kashi talatin cikin ɗari. Ƙarshe dai kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ne ya sauko, a 2020 aka sanar da sauya sunaye 27, MARCH1 ta zama MARCHF1, SEPT1 ta zama SEPTIN1. Abin lura a nan shi ne wayar da kai na shekara goma sha shida bai magance komai ba. "A riƙa kula" ba tsari ba ne.

Tsarin da ke aiki bai da wuyar faɗi. Tun ran gini ran zane: kafin a shigar da layi ɗaya, a rubuta kundin ma'anoni, wanda ke faɗin sunan kowane ginshiƙi, nau'insa, ma'auninsa, iyakar ƙimar da za ta yiwu, da lambar da ke nufin babu amsa. A ajiye asalin fayil ɗin kada a taɓa shi. A shigar da komai a matsayin rubutu, abin da Stata ke yi da zaɓin allstring, R da col_types, pandas da dtype, domin rubutu ne kaɗai nau'in da ba ya zubar da komai. Sannan a juya ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya da rubutaccen umarni, kuma bayan kowace juyawa a ƙirga gurabe nawa suka zama wofi waɗanda da ba wofi ba ne, a buɗe su a gani da ido. Daga nan a nemi mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowane adadi, a jera rukunan kowane rukuni. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, in jerin ya nuna 51 an san inda za a nufa.

Za a ce wannan ɓata lokaci ne, tunda cankin manhaja yakan dace a mafi yawan ginshiƙai. Gaskiya ne yakan dace, kuma wanda ke leƙa ƙaramin jadawali don ya san inda aka dosa ba sai ya yi duk wannan ba. Amma dacewa a ginshiƙai arba'in da takwas cikin hamsin ba ta da amfani in ba a san waɗanne biyu ne suka kuskure ba, kuma gano su yana bukatar duban nan da ake gudu. Bambancin kawai shi ne ko a yi shi da farko cikin sa'a guda, ko a yi shi bayan an rubuta babi na huɗu na kundin digiri. Za a kuma ce gyara da hannu a cikin Excel ya fi sauri, a goge kg ɗin nan a wuce. Ya fi sauri sau ɗaya. Wata mai zuwa sabon fayil zai iso da irin lahaninsa, kuma babu wanda zai tuna gurabe nawa aka taɓa ko dalilin taɓa su. Umarnin da aka rubuta shi ne shaidar da mai duba aiki zai iya bi, ya yarda ko ya ƙi.

Wasu kuma daga ɗaya gefen suke zuwa, su ce a yi watsi da Excel baki ɗaya. Sukan kawo abin da ya faru a Ingila a 2020, lokacin da sakamakon gwajin korona 15,841 ya kasa shiga rahoto a kan lokaci saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil da ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536. Hujja ce mai ƙarfi a kan amfani da jadawali a matsayin rumbun bayanai na ƙasa, amma ba ta hana shi zama wurin shigar da bayanai ba, kuma ofishin da ke da kwamfuta ɗaya da ma'aikacin da Excel kawai ya iya ba zai koma wata manhaja don an yi masa wa'azi ba. Karl Broman da Kara Woo, a maƙalarsu ta 2018, hanyar tsakiya suka bi: abu ɗaya a gurbi ɗaya, layin take guda, ban da haɗe gurabe, ban da launi a matsayin bayani, ban da lissafi a cikin ɗanyen fayil. CSV ma da ake yabo ba mafaka ba ce, don ba ta ɗauke da nau'i ko kaɗan, kuma danna ta sau biyu ya isa Excel ta buɗe ta, ta cinye sifilai, ta juya ranaku, in aka adana ɓarnar ta zauna. A 2023 Microsoft ta ƙara wurin da za a kashe wannan juyawar ta kai-tsaye, abin a yaba, sai dai saitin yana kan kwamfutar mutum ne, ba ya bin fayil zuwa ta abokin aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne manhajojin tattara bayanai ta waya irin su ODK da KoboToolbox, inda ake ayyana nau'in kowace tambaya tun kafin a fita fili, kuma a cikin jadawalin Excel ɗin ake rubuta wannan ayyanawar.

Sukar da ta fi nauyi ita ce tsaurara nau'i shi ma yana haifar da ƙarya irin tasa. Dattijuwar da aka tambaya ranar haihuwarta ta ce shekarar da aka yi fari ce, ko ma'aikacin ɗakin gwaji da na'urarsa ta nuna "ƙasa da 5", gaskiya suka faɗa, gaskiyar ce ba ta shiga gurbin kwanan wata ko na adadi. In fom ya ƙi wucewa sai an cika, mai tambaya zai rubuta 1 ga Janairu ya wuce, shi ya sa rajistoci da yawa ke cike da mutanen da aka haifa ranar sabuwar shekara. Ginshiƙin zai shigo tsaf babu ko tangarɗa, kuma ya fi mai datti haɗari, domin mai dattin aƙalla ya bar alamar shakka. Na yarda da wannan suka, sai dai tana nuna a yi hukuncin da kyau ne, ba a bar wa manhaja shi ba. Ranar haihuwa a raba ta ginshiƙi uku, shekara da wata da rana, kowanne da damar "ba a sani ba", a ƙara na huɗu mai faɗin ko daga takarda aka samo ta ko ƙiyasi ne. Sakamakon gwaji a ba shi ginshiƙi biyu, ɗaya na adadin, ɗaya na alamar cewa ya gaza abin da na'ura ke iya ganowa. Ko za a sa rabin iyakar a madadinsa, ko a yi amfani da hanyar ƙididdigar da aka tanada don irin wannan, mai nazari ne zai zaɓa daga baya, ya kuma rubuta zaɓinsa a rahoto.